Sojan Kekun Waje

A shekara ta biyu da fara yaƙin basasa, Hamza ɗan Malam Jatau na ƙauyen Kekun Waje ya yanke wa kansa shawarar zama soja. Shekararsa sha huɗu, sai dai Allah ya ba shi tsawo kamar karan dawa, hankalin kuwa yana nan tafe a baya. Ranar Laraba da hantsi aka tarar da fartanyarsa a bakin gona, shi kuma ya yi Gusau inda ake ɗibar sababbin sojoji.

Malam Jatau yana kasuwar Tsafe, kafin ya dawo kuwa jirgin ƙasa zai kwashi yaran ya yi kudu. Safiya, ƙanwar Hamza, ba ta tsaya neman shawara ba. Ta ɗaure zani ta bi ta gonaki har Bungudu, ta samu motar auduga, ta yi ta yi wa direban magiya har ya ce ta hau saman buhuna ta ba kunnensa lafiya. Haka ta shiga Gusau fara fat, har cikin hanci.

Can ta hango gogan a layi, ba riga, ya bankaro ƙirji. Saja Daniel, wani kakkauran mutum mai gashin baki, yana auna su da igiya.

"Ranka ya daɗe," in ji Safiya, "wannan dogon yayana ne. Sha huɗu gare shi, kuma ko kaza aka yanka sai ya rufe ido."

Layi ya kwashe da dariya. Hamza ya murtuke fuska ya ce bai taɓa ganin yarinyar nan ba.

Saja ya dubi wannan, ya dubi waccan. "'Yata, tsawonsa ya kai, ya kuma ce sha takwas. Ina shaidarki?"

Ina Safiya za ta ga takarda? Tsoro ya kama ta sosai, don tana jin jirgin yana huci a tasha. Ta matsa kusa da yayanta, ta sassauta murya.

"Yaya, Inna ta kira sunanka."

Hamza ɗan fari ne. Tunda ya zo duniya bai taɓa jin sunansa a bakin mahaifiyarsa ba, kunya ta hana. Daga "wancan" sai "kai yaro".

Ƙirjin nan da aka bankaro ya sace. Ya sunkuya ya ɗauki rigarsa, ya fita daga layi. Saja Daniel ya kau da kai kamar bai gani ba, ya ce na baya ya matso.

Sai da suka wuce Bungudu suna tafe a ƙasa, sannan Hamza ya buɗe baki.

"Da ƙarfi ta kira?"

"A hankali," in ji Safiya. "Tana naɗe tabarmarka. Ta ɗauka ba kowa a ɗakin."

Hamza ya ƙara sauri, har sai da ta haɗa da gudu.