Ranar da Leburorin Kuza Suka Kife Kwanoni

A shekarar 1956, Jibrin kaɗai ne ɗan Riruwai da ya kai kwalejin horon malamai. Mahaifinsa ya rasu a ramin kuza, mahaifiyarsa Safara'u kuwa tuwo take sayar wa leburori. In ya zo hutu, barikin ma'aikata kan cika da murna, kowa na jan sa ya karanta masa wasiƙa.

A hutunsa na ƙarshe kafin jarrabawa sanƙarau ya kama shi, wuyansa ya sanƙare. Safara'u ta sa aka ɗauke shi zuwa ɗakin shan magani na kamfanin da ke haƙar kuzar. Baturen da ke wurin bai ko fito ba. Ya aiko da tafinta cewa gadon da ke ciki na Turawa ne, tagar baya kuma ta ma'aikata ce, Jibrin ba ya cikin ko ɗaya.

Daga nan ta wuce bakin rami wurin Bala, shugaban leburori, aminin mijinta.

"Malam Bala, sun kore mu. Ɗanka ko ruwa ba ya iya haɗiya."

Bala ya ajiye diga. "Koma wurinsa, uwar Jibrin. Yau za a gani."

Kafin hantsi ya dubi ludayi babu kowa a cikin rami. Maza sun fi ɗari uku a ƙofar ofishin manaja, sun kife kwanonin ɗibar ƙasa suna kiɗa da tafin hannu. Mata suka biyo da guɗa. Manaja ya fito fuska jajir, Bala ya ce da tafinta, "Gaya masa mota muke so zuwa asibitin Kano. Sai ta tashi za mu tashi."

Da azahar aka miƙo mabuɗin babbar mota. Zailani direba ya shimfiɗa buhuna a baya, aka kwantar da Jibrin, kansa a cinyar uwarsa. Zailani ya bi ta Tudun Wada bai tsaya ko'ina ba sai da ya ga ganuwar Kano.

Kwana goma sha biyu Jibrin ya yi a gado. Abokan karatunsa suka riƙa kwafo masa darussa da hannu suna aikowa. Ya zauna jarrabawa a rame, kunnensa ɗaya ya daina ji.

Bayan wata biyu, wata ranar kasuwa, sai ga Zailani yana danna ham tun daga gangare, hannu a waje da takarda. Kasuwa ta watse aka yi kan motar. Jibrin ya karɓi takardar ya buɗe.

"Baba Bala, na ci. An tura ni koyarwa Burumburum."

Kafin ya rufe baki an ɗaga shi sama. Safara'u, wadda kunyar ɗan fari ba ta taɓa barin ta yabe shi a gaban mutane ba, ta rufe fuska da gyale tana dariya, ta ce a raba tuwon ranar duka.