Ƙarfen da Ya Sha Ruwa

Da gudu 'Yar Boko ta tsallake kwatar ruwa ta faɗa lambu, takalmi ɗaya a ƙafa, ɗaya a hannu. Baffanta ne ya laƙa mata sunan don tsiya, ranar da ta dawo daga kwalejin noma da wani ƙarfe a jaka, ta ce shi zai riƙa gaya mata lokacin ban-ruwa. Ita kuwa ta karɓe sunan kamar lambar yabo.

Ƙarfen na nan inda ta soke shi a tsakiyar tumatir, fitilarsa kore shar. Kore na nufin ƙasa ta ƙoshi, ja na nufin ƙishi. Kwana shida ke nan bai yi ja ba, har ta bar layin ruwanta ya wuce sau ɗaya tana taƙama. Amma ga ganye duk ya yi yaushi, ya sunkuyar da kai kamar marar gaskiya.

Inji ɗaya suke da shi ita da Baffa. Yau nata ne zuwa tsakar rana, in ya wuce sai bayan kwana huɗu. Kaka ɗaya tak ya ba ta a filin marigayi mahaifinta. In tumatir ya mutu, ta naɗe siraran tiyonta masu ɗigo, shi kuma ya ci gaba da malala ruwa irin na kaka da kakanni.

Daga gindin inji Baffa ya ɗaga murya yana tambaya ko malam ƙarfe ya yi magana, ko har yanzu gaba yake da mutane. Ita kuwa ta nufi ƙarfen. Ta durƙusa ta tona gindin na'urar: caɓi har wuyan hannu. Ta matsa taki ɗaya ta sake tonawa: ƙasa ta zubo ta tsakanin yatsunta kamar gari. Sai murna ta taso mata. Ashe ƙarfen bai yi ƙarya ba. Wani ne yake shayar da shi.

Tana ɗaga kai ta ga Inna, mahaifiyarta, tana saɗaɗowa tsakanin kunyoyi da buta, tana ƙoƙarin ɓoye ta a bayan zane.

"Inna, me kike kai wa ƙarfena?"

Inna ta tsaya ta gyara ɗauri. "Ba ke kika ce in ya yi ja akwai matsala ba? To ni ina raye Baffanki ba zai ga ja a filin ubanki ba. Buta guda nake ba shi kullum, kuma bai taɓa mayarwa ba."

'Yar Boko ta yi dariya har da ƙwalla. Ta so ta yi faɗa, amma ta ina za ta fara? Matar nan ce ta yi shekara uku tana tare mata gorin dangi a kan karatun da suka ce ba na mace ba ne. Ta zare ƙarfen, ta goge shi da gefen mayafi, ta soke shi can cikin busasshiyar kunya. Kafin ta miƙe ya yi ja wur. Ba ta taɓa ganin ja mai kyau irin wannan ba.

Ta ruga wurin inji. Baffa ya ce ai lokaci ya ƙure, ta nuna masa inuwar bishiya, ta ce da sauran lokaci. Sau uku ta finciki igiya kafin injin ya yi tari ya kama. Tiyo suka kumbura, ruwa ya fara ɗiga a gindin kowace shuka, ɗis, ɗis, babu ko cokali da ya ɓata.

Baffa ya biyo ta yana mita, wai wannan ba ban-ruwa ba ne, hawayen marowaci ne. Amma bai tafi ba. Ya tsuguna a bakin kunya, jim kaɗan ya cusa hannu ya damƙo ƙasa ya dunƙula, ta warwatse, ya zubar. Haka ya yi ta yi, rana na dukan ƙeyarsa. A damƙa ta biyar ƙasar ta tsaya dunƙule a tafinsa, da shatin yatsu a jikinta.

"Ya isa," in ji shi. "Kashe."

Bai rufe baki ba fitilar ta koma kore.

Ya dubi ƙarfen, ya dubi hannunsa, ya karkaɗe. "Ba laifi. Yaron yana koyo." Ya yi taku biyu ya waiwayo, murya ƙasa ƙasa: "Ba shi da ƙane? Albasata ce nake tausayi."

'Yar Boko ta ce za ta duba, tana danne murmushi.

Inna na tsaye har yanzu da butarta cike. Ta bi kunyoyin da ido, ta zaɓi shukar da ta fi kowacce yaushi, can nesa da ƙarfen, ta juye mata.