Kunnen 'Yar Mizan

Tun da na zo Doha na daina ƙoƙarin gane ɗan Bangaladash ta launin fata. A masaukinmu na Umm Salal kaɗai akwai wanda ya fi ni baƙi, akwai wanda in ya zura jallabiya sai ka ɗauka kafil ne, wato Balarabe ubangidan ma'aikata, kuma su ce maka ƙauyensu ɗaya. Mizan, abokin gadina a wani bene a Al-Sadd, yana cikin baƙaƙen. Sau da yawa 'yan Najeriya kan yi masa Hausa, ya yi ta kallonsu.

Ranar da matarsa Rokeya ta haihu aka turo masa hoto. Yarinya fara tas. Maimakon ya raba mana alewa, sai ya zauna a bakin gado yana zare ido. 'Yan garinsu kuwa, marasa aikin yi, suka shiga tambayarsa ko maƙwabcinsa fari ne. Kafin la'asar mutumin nan ya fara maganar saki ta waya. Raina ya ɓaci ƙwarai, don baiwar Allahn nan kullum sai ta kira ta ji ko ya ci abinci.

Sai ga Ɗantala direba, tuzurun da ko akuya bai taɓa ganin haihuwarta ba. Ya fizge wayar, ya ja hoton da yatsu biyu har kunnen jaririyar ya cika fuskar wayar.

"Kai Mizan, kanka ɗaya kuwa?" in ji shi, cikin Larabcinsa mai haɗe da Turanci. "A garinmu kunne ake dubawa. Kowane jariri da ja yake zuwa. Dubi gefen kunnen nan, baƙi ƙirin. Ba ta wata shida, sai ta fi ka baƙi. Khalas."

Ni ma na leƙa. Inuwar zani ce kawai. Amma na gyaɗa kai kamar tsohuwar ungozoma, na ce ko kakata haka za ta faɗa. Mizan ya ajiye maganar saki, ya zauna jiran baƙi.

Wata shida, yarinya sai ƙara haske take yi. Ɗantala ya ce rashin fita rana ne. Ta shekara, ya ce laifin kyamara ne. Daga nan in ya hango Mizan sai ya sauya hanya.

Da lokacin hutunsa ya yi, Mizan ya tafi gida, ni kuma ina ta addu'a kada auren nan ya mutu. Ya dawo a rame. Na same shi a ƙofar bene na ce, "To, malam, yaya aka ƙare?"

"Tawa ce," in ji shi. "Gwaggona tana ganinta ta fashe da kuka, wai uwar babana ce ta dawo, har tsinin hancin. Ashe tsohuwar fara ce, ni ban taso na same ta ba. Haka jinin gidanmu yake, ya tsallake ɗa da jika ya ɓulla can gaba."

"Alhamdu lillahi. To ramar ta mece ce?"

Ya daɗe yana gyara maɓallin rigar aikinsa.

"Ni na yarda tawa ce, Mas'udu. Ita ce ba ta yarda ni nata ba ne. Duk sanda na miƙa hannu sai ta ƙwalla ƙara, ta ɓuya a bayan uwarta. Har na taho ba ta bari na ɗauke ta ba."