Aljihu Biyu na Baba Tela

"Danna da ƙarfi mana, Akawu, ba ƙwai aka ba ki riƙo ba."

Ta ƙara matse audugar a kan yatsan tsohon. Allurar keke ce ta ɗan soke shi, abin da ya faru sau ba adadi cikin shekara arba'in da ya yi yana ɗinki, ya tsotse ya ci gaba da aiki. Yau kuwa auduga ta uku ke nan, kuma ɗigo biyu sun riga sun sauka a wuyan farar rigar da yake gyarawa. Rigar ce ta dame shi, ba yatsan ba.

Shagon Baba Tela yana ƙasan benen da suke haya, a sama kuma ƙofarsa na kallon ƙofar gidan su Akawu. Tun da ta gama jami'a ta dawo zaman jiran aiki, ita ke karanta masa duk wata takarda mai ƙananan rubutu, shi ya sa ya laƙa mata wannan suna. Yarinya ce marar yawan magana, amma idonta ba ya wuce abu. Da ya naɗe hannun riga, ta ga inda jini ya kwanta a damtsensa, baƙi-baƙi har wuri uku.

"Baba, kun bugu ne?"

"Tsufa ne ya buge ni. Miƙo mini gwangwanin can."

Gwangwanin maɓallai ne, a ciki yake ajiye magungunansa. Ta san ƙananan ƙwayoyin nan na tsinka jini, waɗanda likitan zuciya ya ɗora shi a kansu tun shekara shida. Amma yau ga wani sabon kwali a gefensu.

"Wannan na rage maiƙo ne a jini," in ji shi. "Babbar 'yata ce ta kai ni wani sabon asibiti, wata guda ke nan. Wai jijiyoyina sun yi kitse. Ni da ko tumbi ba ni da shi."

Akawu ta zaro takardar da ke cikin kwalin ta warware. Can wajen ƙasa ta ga an rubuta cewa mai shan maganin tsinka jini ya sanar da likita tukuna, domin haɗa su na iya sa jini ya tsinke fiye da kima. Ta karanta sau biyu a zuci kafin ta karanta masa.

"Kun gaya wa sabon likitan kuna shan wancan?"

Baba Tela ya yi dariya, ya jawo kwat ɗinsa daga jikin ƙusa ya buɗe mata ciki. Aljihu ɗaya kamfani ya yi mata, na biyun kuwa ɗinkinsa ne, sabo fil. Kowanne da katin asibiti a ciki.

"Kin ga wannan na tsohon likita, wannan na sabo. Ba sa haɗuwa. 'Yata, ba ki san zafin abin ba. Mutum ya shekara goma kana yi masa ɗinki, rana ɗaya ya shigo maka da rigar wani tela a jikinsa. Ka yi murmushi, amma ranar ba ka cin abinci da daɗi. Likitan nan shekara shida yana duba ni, in je in ce masa na kai zuciyata wani shago?"

"Amma Baba, takardar ta ce…"

"Takarda ai ba ta rasa abin faɗa. A asibiti sun yi alkawarin auna jinina ranar Alhamis mai zuwa, in na je sai su ga komai da kansu."

Maganar ta zo mata har baki. Ta dubi furfurarsa, ta dubi yadda yake murmushi, sai ta haɗiye. Ta dai kwafi sunayen magungunan biyu a wata takarda, ta sa kwanan wata a sama kamar yadda ta saba tun a makaranta. Ranar Asabar ce.

Ranar Litinin da safe ta fito zubar da shara, ta tarar da shi a bakin famfon baranda yana goge haƙora. Kumfar da ya tofar ja ce. Ya lura ta gani, ya saki famfon da sauri.

"Sabon buroshi ne, kamar na wankin takalmi," in ji shi.

Matarsa, wadda duk benen ke kira Gwaggo, ta leƙo daga kicin. "Ka gaya mata haɓon da ka yi jiya?"

"Ke kuma gidan rediyo, wa ya kunna ki?"

Suka yi dariya, har da Akawu. Da ta koma ɗaki ta nemo lambar babbar 'yar, ta rubuta saƙo mai tsawo. Ta tuna yadda 'yar tasa ta zo tana alfahari da sabon asibitin, ta ji kamar muryarta na cewa, ke wa ya aike ki, likita kike? Ta goge saƙon. Ta sake rubuta gajere, shi ma ta goge. Alhamis ai ba nisa, in ji zuciyarta. Za ta raka shi da kanta, ta miƙa wa likita takardar ba tare da Baba ya buɗe baki ba.

Ranar Laraba bayan la'asar, ƙarar keken ɗinki ta tsaya. Duk wanda ke benen ya saba da wannan ƙara har ya daina jin ta, sai da ta tsaya aka ji. Akawu ta sauko ta same shi ya dafe kai da hannu biyu.

"Kaina ne, Akawu. Kamar ana tsaga shi da almakashi."

Kalmar ƙarshe ba ta fito daidai ba, gefen bakinsa ya karkace. Mai shagon kusa ne ya ɗauke su a mota, Gwaggo na riƙe da kansa a cinya tana kiran sunan Allah a hankali.

A asibiti wata likita ta fito ta tambayi abin da yake sha. Gwaggo ta laluba kwat ɗin ta miƙa kati ɗaya, na tsohon likita. Akawu ta ciro takardarta ta miƙa.

Likitar ta karanta ta numfasa. "Ana haɗa su, amma sai wanda ya ba da na biyun ya san da na farko. A auna jini cikin kwanakin farko, a rage in da buƙata. Jini ya zuba a cikin kansa." Idonta ya koma saman takardar, inda kwanan watan yake. Ta ɗago ta dubi Akawu. Sannan ta mayar mata da takardar.

Ya cika da safiyar Alhamis, daidai lokacin da ya kamata su kasance a layin awon jini.

Babbar 'yar ta rungume Akawu tana kuka. "Allah ya saka miki. Ke kaɗai kika san me yake sha. Ni ko tambayarsa ban yi ba." Takardar na naɗe a tafin hannun Akawu, ta jiƙe da gumi.

Bayan mako guda Gwaggo ta ba ta mabuɗin shago, ta ce ta fitar da kayan mutane, ita ba za ta iya shiga ba. Farar rigar nan na rataye, an wanke wuyan tas, ya sa mata sabon maɓalli. A ƙarƙashin allurar keke akwai wani siket da ya tsaya a tsakiyar layi, zaren bai tsinke ba. An mayar da kwat ɗin jikin ƙusarta.

Akawu ta sa hannu a sabon aljihun, mai ɗinki ƙanana-ƙanana, ba inda ya kauce. Katin na nan. Ta zaro shi ta sa a ɗaya aljihun, kusa da ɗan'uwansa, ta gyara wa kwat ɗin kafaɗa. Sannan ta ja kujerar baƙi ta zauna, tana kallon keken.