Furfurar Gwadabe

Tun da aka kafa hoton marigayi Gwadabe a ƙofar tashar motocin Shinkafi da ke Kaura Namoda, matarsa Yalwa ta daina bi ta wurin. In za ta Zurmi wurin 'yarta, sai ta zagaya ta bayan masu kayan miya ta tari mota a bakin titi. Direbobi ne suka kafa hoton don girmama tsohon shugabansu, mutumin da aka sani da furfurar gemu har ake kiran motarsa Furfura. Sai dai bana ɗin, wato ƙyallen hoton da aka bugo a wani gari, bai jima a rana ba gemun ya rine ya koma ja. Gwadaben da bai taɓa kai lalle kusa da haɓarsa ba, ga shi can sama kamar ya sha ƙunshi. 'Yan kamasho kuwa, da ba sa barin abin dariya ya wuce su, suka raɗa wa wurin Ƙofar Jan Gemu.

Abin ya ci wa Yalwa rai ƙwarai. Ta aika wa Mudi, sabon shugaban direbobi, cewa a sauke. Mudi ya yi ta roƙo har ta yarda a sake bugawa sau ɗaya. In ta duba ba mijinta ba ne, an gama maganar hoto ke nan har abada.

Haka aikin ya faɗo hannun Nafi'u, mai shagon buga bana a hanyar tashar jirgi. Nafi'u dai mutum ne da ba a taɓa jin "ban iya ba" a bakinsa, kuma abin haushin, yawanci gaskiyarsa ce. Ya karɓi ɗan ƙaramin hoton daga hannun Mudi, ya ɗaga shi a haske, ya yi murmushi.

"Baba Mudi, ka san mi ya hwaru? Injin nan tawada huɗu garai: shuɗi, ja, rawaya da baƙi. Su waɗancan sun bar inji ya haɗa hurhurar da launi ukku, don in ka gauraya su daidai, ruwan toka suka badawa. To, rana ta ci shuɗin, sai ja yat taso. Ni baƙi zan sa ya ɗauki aikin. Baƙi ko ya koɗe, toka shika komawa."

"Ni dai kak ka kunyata ni gaban Hajiya," in ji Mudi.

Nafi'u ya zauna gaban kwamfuta ya janye launukan nan uku daga duk inda toka take, ya maye gurbinsu da baƙi. Yana yi yana fito. Ya buga gwaji a kan ƙyallen bana, ya shimfiɗa a ƙasa da alfahari. Gemu kam ya fito tas, ba ja ba kore. Mudi ya sunkuya ya daɗe yana kallo, sannan ya ɗago.

"Nafi'u, yaushe Gwadabe ya yi zanzana?"

Nafi'u ya duba. Tabbas, goshi da kumatu, inda haske ya bugi fatar, duk sun cika da ƙananan ɗigo baƙaƙe kamar an barbaɗa masoro. Ashe ya sake wa baƙin linzami har ya shiga wuraren da ba su buƙatarsa. Wani zai ji kunya. Nafi'u kuwa cewa ya yi ai dama don haka ake gwaji.

Ya koma ya raba aikin biyu. A fuska ya ja wa baƙin birki: kada ya fara zuba sai inda inuwa ta yi duhu, ƙarƙashin hula da gefen hanci, sauran ya bar wa launuka su ba fatar laushinta. Gemun kuwa ya zagaye shi a hankali, sili-sili, ya ce wannan gonar baƙi ce shi kaɗai. A nan ne, da ya ƙara girman hoton, ya ga wani ɗan tabo mai duhu a gefen hagu na gemun. A tsohon bana babu shi, da alama an ɗauka datti ne aka goge. Hannunsa har ya kai zai goge, sai ya tsaya. Ya lura gashi ne, yana bin kwanciyar sauran. Ya bar shi.

Bai kira kowa ba tukuna. Ya sake buga gwaji, ya yanki gemun ya ɗaure a kan kwanon shago, ya bar rana da ruwan sama suka yi ta dukansa. Mudi ya yi ta sintiri yana mita, Nafi'u ya ce ba ya miƙa aikin da rana ba ta sa wa hannu ba. Da ya sauko da ƙyallen, furfura tana nan furfura.

Ranar da aka ɗaga sabon bana, da hantsi Mudi ya je ya taho da Yalwa. Ta tsaya nesa, ta ja mayafi, ta ƙi ɗaga kai. A karo na farko tsoro ya kama Nafi'u, na gaske.

Ta ɗago. Ta dubi hula, ta dubi goshi, ta sauko kan gemu. Sai ta matso, ta ƙara matsowa, har ta zo ƙarƙashin hoton.

"Wa ya gwada maka wanga?" Tana nuna ɗan baƙin nan na hagu.

"Ba kowa, Inna. Ga hoton na gane shi."

"Nan ɗai hurhura ta ƙi kamawa," in ji ta. "Kullum ni kan ce mai ya aske shi, shi ko ya ce ƙuruciyarshi ta, ya aje min."

Ta share ido da bakin mayafi. Can ta gyara riƙon jakarta, ta tambayi Mudi ko motar Zurmi ta cika. Ya ce da saura wuri.

Yalwa ta bi ta ƙofar, ta ƙarƙashin gemun mijinta, ta shiga tasha.