Hannu a Aljihu

A maɗaba'ar ba a magana da baki. Injin yana ruri tun safe har la'asar, don haka ma'aikata suka saba da hannu: yatsa biyu, a kawo takarda, tafin hannu a kife, a kashe inji. Mai injin da matarsa, wadda ke ɗinke littattafai a teburin bakin ƙofa, sun kai wannan sabo har gida.

A maɗaba'ar ɗansu ya tashi, daga goyo zuwa kwalin takarda. Kafin ya iya tafiya ya iya nuni, shi ya sa ma'aikata suka laƙaba masa Manaja. Ya cika shekara uku ba shi da kalma sai "ba" da "ma".

"Ku bar min angona," in ji kakarsa. "Ubansa ma ya kai huɗu yana ce wa ruwa luwa. Yanzu wa ya kai shi surutu?"

Ranar da suka kai shi asibiti saboda tari, ma'aikaciyar jinya ta tambayi yaron sunansa. Ya kalli bakinta kawai.

"Kalma nawa yake faɗi?"

Uwar ta sunkuyar da kai. Uban ya yi dariya.

"Sista, ni ma na kai huɗu ina ce wa ruwa luwa. Yaron nan ya fi wasu manya ganewa. Duba."

Ya ɗaga yatsa biyu. Manaja ya ɗauko takarda daga tebur ya miƙa masa.

"Na gani," ta ce. "Da ruwa yake mayarwa luwa, da ban damu ba, wannan harafin kan yi jinkiri. Amma ɗan shekara biyu ya kamata ya haɗa kalma biyu. Ɗan shekara uku kuwa, baƙo ma ya gane yawancin zancensa. Yaushe rabon da ka kira shi ba ya kallonka?"

Ta rubuta takardar gwajin ji. Uban ya bar ta a kan tebur.

"Ɗana ba kurma ba ne," ya ce, ya fita.

Barandar asibitin doguwa ce, ba hayaniya. Manaja ya yi gaba yana jan yatsa a bango.

"Baban Manaja," in ji matar a hankali, "kira shi."

Hannunsa ya tashi da kansa. Ta riƙe shi.

"Da baki."

Ya cusa hannayen biyu a aljihu.

"Manaja."

Yaron ya ci gaba da tafiya.

"Manaja!"

Wata tsohuwa da ke zaune a benci ta waiwayo. Mai shara ya tsaya da tsintsiyarsa. Taku goma ne tsakanin uban da ɗan. Ya sake kira, da muryar da yake keta ƙarar inji da ita. Yaron ya kai ƙarshen bangon, ya tsuguna yana kallon wata tururuwa.

Mai injin ya daɗe a tsaye. Sannan ya juya, ya ƙwanƙwasa ƙofar da ya fito.

"Sista," ya ce, "takardar nan."