Mutum Talatin daga Unguwar Gabas

A farfajiyar lakwal, makarantar boko ta Garhanga, Mariyatu ta tsaya gaban kyamara ta karanto jawabin Tambai da ka, bakinta bai ko sarƙe ba. Littafi biyar ne Rijiyoyi Tara, labarin Tambai, baiwar da ta yaƙi maridan dutse ta buɗe wa mutanenta ruwa, kuma duka biyar ɗin ta karanta wa babanta Bilal tun da yanar ido ta zaunar da shi gida. Yanzu ga mutanen Yamai sun zo mayar da shi fim a cikin duwatsun garinsu.

Mahfuzu, mai ba da umarni, ya tafa mata. "Kin iya. Amma mun riga mun sami Tambai." Ya nuna wata fara sol a inuwar kamyo, babbar motar kayansu, ana yi mata fifita. "Mun ɗan gyara labarin. 'Yar sarauta ce da aka sace tun tana goye. Masu kallo ba za su yarda baiwa ta hau gado ba."

"A littafin baƙa ce kamata."

"Littafi daban, fim daban. Ɗiyar wa ce ke?"

Wakilin mai gari ya riga ta amsawa. "Ta gidan Bilal. Unguwar gabas."

Mahfuzu ya duba takardarsa. Ana neman mutum talatin da za su fito a bayi, kuma wakilin ya riga ya cike sunayen. Duka daga unguwa ɗaya suke, unguwar waɗanda kakanninsu suka yi wa makiyayan arewa bauta.

* * *

Ta so ta ɓoye wa tsohon, sai ta tarar labari ya riga ta isa gida.

"Ni za ni," in ji shi.

"Baba, igiya fa za su sa muku."

"Mi igiya za ta yi mini, ɗiyata? So nike in ji Tambai ta ce wa sarkin maridai, wuyan da ya ɗauki tulu shi ka ɗaukar rawani. In ji shi da kunnena, cikin duwatsunmu."

Ta kasa gaya masa an cire wurin.

* * *

Da hantsi aka jera su a gindin dutse. Wata mata ta bi su tana zura musu igiyar kaba a wuya, tana shafa musu toka a ƙafa. Mariyatu ta ƙi a saka mata, ta koma gefe. Sau huɗu farar Tambai tana wucewa a kan raƙumi, tana ɗaga musu hannu. Bilal ya karkata kai yana sauraro. Ƙarar janareto kawai yake ji.

"An gama!" in ji Mahfuzu. Ya dubi allon kyamara, ya yi murmushi. "Kai, tsohon nan gwani ne. Kamar da igiyar aka haife shi."

Mutane suka watse neman inuwa. Bilal bai motsa ba. Da Mariyatu ta sa hannu za ta kwance igiyar, ya riƙe yatsunta.

"Dakata," ya ce a hankali. "Ba ta faɗa ba tukuna."